Jan Doki da Mai Lulluɓi

Ba don motocin tsere na je Riyadh ba. Gyaran manyan motoci ne ya kai ni, a farkon shekarun tamanin, lokacin da garin yake ta miƙewa ta kowace kusurwa, duk inda ka duba ana haƙa ko ana zuba kankare. Kafilina, wato mutumin da ya tsaya mini na samu takardar zama, wani dattijon Balarabe ne mai sayar da kayan gini. Yana da babban sito a Birnin Masana'antu na Biyu, da motocin dakon siminti da rodi waɗanda ba su kai goma ba. Mu biyu ne kanikawansa: ni Bazazzagi, da wani Bakano da ya riga ni zuwa da shekara huɗu.

Ranar da na iso shi aka turo ya tarbe ni. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Daga ina?"

Na ce daga Zariya.

Ya tafa hannu. "Alhamdu lillahi. Allah ya kawo mini bawana har inda nake."

Na ce masa ban taɓa jin inda Bakano ya mallaki Bazazzagi ba, sai dai in duniya ce ta kife. Ya yi dariya har da dafa mota, ya karɓi jakata. Ya girme ni da shekara goma sha wani abu, don haka Yaya nake ce masa, sai in musu ya yi zafi in mayar masa da "bawana" ɗinsa.

Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Utaiqa, a wani tsohon gida da ke bayan kasuwa. Da safe mu sayi burodin tamis mai zafi da dafaffen wake a wurin wani Bayamale, mu ci a tsaye, mu hau akori-kurar sito mu nufi kudu. Yaya ba ya yawan magana a hanya. Yakan jingina kansa da gilashi yana kallon gidajen da ba a gama ginawa ba. Wata rana, ba tare da na tambaye shi ba, ya ce mini 'yarsa ta uku ta fara tafiya, a wasiƙa aka gaya masa.

Na yi wata uku a siton kafin in san abin da ke can ƙuryarsa. Bayan tarin buhunan siminti da akwatunan tayil akwai wasu abubuwa biyu masu tsawo a rufe da tamfol. Na ɗauka tsofaffin injuna ne. Wata Alhamis bayan azahar, ma'aikata sun watse, sai dattijon ya shigo yana dogara sandarsa, ya yafito mu. Ya nuna tamfol ɗin farko ya ce, "Yalla, ku yaye."

Muka yaye. Ja ce, gajeriya, mai ƙofa biyu. Bonet ɗinta dogo, rufinta ya gangaro ta baya ya haɗe da wutsiya kamar an shafe shi da hannu. A hancinta akwai wani ɗan doki na farin ƙarfe yana sukuwa. Tayoyin sun sace, ƙura ta yi mata riga, amma duk da haka ka ce yanzu za ta zabura.

Ta biyun ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Launinta kore ne mai duhu, wanda a inuwa sai ka rantse baƙi ne. Faɗinta ya kusa na ƙaramar babbar mota, ƙugunta ya ɗan kumbura a saman tayoyin baya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne fuskarta: baƙar raga ce daga wannan gefe zuwa wancan, babu fitila ko ɗaya.

Na ce, "Yaya, wannan ba ta da ido?"

Ya durƙusa ya leƙa, ya sa yatsa ya tura wani murfi a gefen ragar, sai ga gilashin fitila a ciki. Ya ce, "Tana da shi. Lulluɓi ta yi. 'Yar gidan mutunci ce, ba irin waccan mai yawo kai a buɗe ba."

Daga ranar suka samu suna a wurinmu: Jan Doki da Mai Lulluɓi.

Dattijon ya zauna a kan wata tsohuwar kujerar ƙarfe ya ba mu labarinsu. Larabcina bai nuna ba a lokacin, abin da ya wuce ni Yaya ke fassara mini. Duk biyun ƙirar Amurka ne na ƙarshen shekarun sittin, kowace da inji mai silinda takwas. Jar ya saye ta a hannun wani injiniya Ba'amurke mai aikin haƙar rijiyoyi, da zai koma ƙasarsu. Koriyar kuwa ta wani ɗan uwansa ce da ya yi karatu a can ya sako ta a jirgin ruwa, bai daɗe yana hawa ba injin ya buga, ya watsar da ita. Ya ce tun yana da sauran ƙarfi yake sha'awar irinsu, amma a lokacin neman abin kai wa baki ya sha masa kai. Da ya samu halin mallakarsu kuma, gwiwa ta ƙi. Yanzu 'ya'yansa sun matsa suna son ƙuryar don zuba kaya, garejin gidansa na unguwar Al-Naseem kuma mota ɗaya kawai zai ɗauka.

Ya ce, "Ku tayar mini da su duka biyun. In sun tashi, ku gaya mini wadda zan riƙe. Ba gaggawa nake ba."

Ba mu yi shawara ba. Na duba na ga hannuna a kan rufin jar, Yaya kuma yana can yana share gilashin koriyar da gefen rigarsa.

Haka muka samu abin yi da ya wuce aikin neman abinci. Kowace Alhamis da yamma, da duk ranar da motocin dako suka bar mu muka huta bayan la'asar, muna ƙuryar nan. Rufin kwano ne, zafi yana sauka a kanmu kamar an kifa mana tukunya, sifana ma sai ka nannaɗe ta da tsumma kafin ka riƙe. Amma ban tuna ranar da ɗayanmu ya ce ya gaji ba. Na zubar da ruɓaɓɓen fetur, na wanke tanki, na kwance kabureta na jiƙa ta, na canza fulogi da fambel, na kai lagireto aka toshe inda yake yoyo. Yaya kuwa sai da ya sauke injinsa gaba ɗaya, ya baje shi a kan takardun buhun siminti, kowane ƙarfe da wurinsa.

Hannu yana aiki, baki ma yana nasa.

"Wannan taka ai jirgin ruwa ce," in ce masa. "Kafin ka sha kwana da ita an idar da salla."

"Wa ya ce maka don shan kwana aka yi ta? Kai da ka saba da lungunan Zariya. Wannan ta miƙaƙƙiyar hanya ce, inda namiji zai taka totur ya manta da birki."

"Tawa giyar hannu ce, huɗu. Ni ke gaya mata abin da za ta yi. Taka ita ke zaɓar wa kanta giya, kai sai dai ka riƙe sitiyari kamar fasinja."

"Babba ba a yi masa tsawa, bawana. Nuni ake yi masa."

Gaskiyar magana kowa yana da abin riƙewa. Jan Doki ba ta da nauyi, injinta ƙarami ne in an gwada da na waccan, komai nata a kusa yake, hannu yana kaiwa. Mazaunin baya kuwa ba na mutane ba ne, sai dai kaya. Mai Lulluɓi injinta ya cika ramin bonet fal, fistin ɗinta guda ya kusa gwangwanin madara babba, cikinta kuma mutum biyar za su zauna su miƙe ƙafa. Amma ko a kwance take ka san za ta sha mai kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya.

Dattijon yakan zo mana da butar gahawa da dabino a kwano. Ya zauna a kujerarsa ya saurare mu, ko da yake ba ya jin Hausa. In muka ɗaga murya sai ya tambayi Yaya me na ce, a fassara masa, ya yi dariya ya ce a gaya mini na yi ƙarya, ko kuma a gaya wa Yaya ya sha kaye. A wurinsa na fara jin cewa masu tara irin waɗannan motoci ba gudu kaɗai suke dubawa ba. Ya ce su abin da ke gabansu shi ne asali: fentin da ta fito da shi daga masana'anta, fatar kujerunta, har da lambar da aka buga a jikin inji, wadda dole ta yi daidai da ta jikin motar. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Kada ku sa mata abin da ba da shi aka haife ta ba."

Wannan magana ce ta jawo mini abin kunya. Washegari Yaya ya ɗauko tocila da tsumma, ya kankare maiƙon da ke gefen injinsa, ya karanta lambar, ya gwada da ta jikin ƙofa. Suka dace. Ya miƙo mini tocilar yana murmushi. Na duba tawa, na sake dubawa. Ba su yi kama ba ko kaɗan. Ashe Ba'amurken nan ya taɓa canza mata inji. Da na ƙara bincike na ga kujerun ma an sake musu fata, a ƙarƙashin jan fentin kuma, ta cikin but, akwai ragowar fari.

Yaya ya kwanta a kan buhunan siminti yana dariya. "Ashe injin dokinka agola ne!"

Na ce, "Agolan da ke tafiya ya fi ɗan gida da ke kwance."

Wannan ta same shi, don a lokacin ya riga ya gano ciwon motarsa. Karanshaf ɗin, wato ƙaton ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji, ya tsage. Mun zaga duk inda ake sayar da tsofaffin kayan mota a garin, ba mu samu irinsa ba. Wani mai walda ya ce zai ɗinke shi, wani ya ce akwai na wata babbar mota da za a iya gogewa ya shiga. Yaya ya ƙi. Ya ce ba zai sa mata abin da zai karye a hanya ya ɓata sauran injin ba. A ƙarshe dattijon ya sa aka rubuta wasiƙa Amurka aka nemi irinsa sak, aka ce mu jira.

Ni kuwa cikin wata biyar Jan Doki ta tashi. Wata Juma'a da sassafe, bayan mun yi asuba, dattijon ya ba mu izini muka fita da ita hanyar Kharj. Rana ba ta gama fitowa ba, hanya fayau. Na sa giya ta ɗaya na saki kuloci, wutsiyarta ta ɗan karkata, tayoyin baya suka yi ƙara, ta zabura. Ta biyu, ta uku. Sitiyarin yana gaya wa tafin hannuna duk wata tsakuwa da muka taka. Ban taɓa tuƙa abin da ke amsa mini kafin in gama tambaya ba sai ranar. Na saci kallon Yaya, na ga ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, hularsa da ɗaya, yana ta ƙoƙarin haɗe fuska.

"Yaya, ya ka gani?"

"Ba laifi. Sai dai tsalle take kamar ɗan akuya."

Muka tsaya kusa da wata gonar dabino don injin ya huce. Injin ban ruwa yana bugawa a cikin gonar, ruwa yana bin ƙaramar kwata. Yaya ya tsuguna ya wanke fuska, ya daɗe yana kallon ruwan. Ya ce mini a bayan gidansu akwai wani lambu da mahaifiyarsa take aikensa ya tsinko mata yakuwa, haka ƙasar wurin take ƙamshi in an yi ban ruwa. Ya ce cikin shekarun nan duka sau biyu ya je gida. Ni ma tawa kewar tana nan, na bar amarya da ciki na taho. Muka zauna har rana ta fara zafi. A hanyar dawowa na ce ya karɓi tuƙin. Ya ce a'a, shi sai tasa ta tashi.

Jiran ƙarfen nan ya ɗauki wata da watanni. Yaya bai zauna ba. Ya goge kowane fistin har yana ɗaukar ido, ya wanke fatar kujeru da sabulu mai laushi, ya shafa mata mai. Ya bi fentin da auduga a hankali don kada ya ci shi. Murafan fitilun da iska suke aiki, ta wasu siraran robobi da suka bushe suka farfashe. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya canza. Ranar da ya gama, ya haɗa wani ɗan famfo ya ja iskar, murafan suka juya a hankali, fitilu huɗu suka bayyana. Ya kira ni da ƙarfi kamar an yi masa haihuwa.

"Zo ka gani! Ta buɗe ido!"

A cikin wannan jira ne kaset ya iso. A zamanin, wanda ba ya rubutu yakan sa a ɗauki muryarsa a kaset a ba matafiyi. Wani direba ɗan unguwarsu da ya dawo daga hutu ya kawo. Bayan magariba Yaya ya sa shi a rediyonmu. Matarsa ta yi gaisuwa, yara suka yi ta ƙyalƙyala dariya suna ture juna. Sai aka ji wata tsohuwa tana gyaran murya. Mahaifiyarsa ce. Shi ne ɗanta na fari, don haka ko a kaset ba ta kama sunansa ba.

Ta ce, "Kai wannan, ina gaishe ka. Kada a tayar maka da hankali, ba ciwo nake ba, tsufa ne kawai. Abin da kake aikowa yana isowa, Allah ya yi albarka. Ba abin da na rasa. Sai dai ina so in riƙa jin takunka a zaure in ka dawo daga masallaci. Shi ke nan abin da zan ce."

Yaya ya mayar da kaset ɗin baya ya sake ji. Kwana uku yana aiki kamar kullum. A na huɗu, muna cikin akori-kura, ya ce mini zai tafi gida.

Na ce, "To ka nemi hutu mana. Wata biyu ka dawo."

"Hutu na taɓa zuwa. Ba hutu ta roƙa ba."

"Mai Lulluɓi fa?"

Ya juya yana kallon waje. "Ai kana nan."

Dattijon ya yi ƙoƙarin tsayar da shi. Ya ce ya ƙara haƙuri ko wata ɗaya, ƙarfen yana hanya. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya ammi, baffana, ƙarfen zai same ku. Tsohuwa kuwa ban san ko za ta jira ni ba." Dattijon ya ce, "Khalas, shi ke nan. Allah ya yarda da kai." Ya sa aka yi masa takardun fita ta dindindin, ya ba shi darduma da kwalin dabino ya kai wa tsohuwa.

Alhamis ɗinsa ta ƙarshe a ƙuryar muka yi ta. Ya bi da ni kan injin da ke baje, ƙarfe bayan ƙarfe: wannan kafin wannan, wannan kada ka ɗaure shi da ƙarfi, wannan sai ka jiƙa shi da baƙin mai. Ya rubuta mini komai da ajami a bayan takardar buhun siminti, ya ninke ya ba ni. Bai tsokane ni ba ko sau ɗaya a ranar, abin da ya fi damuna ke nan. Da za mu fita ya koma ya ja tamfol ya rufe ta da kansa.

Bai cika wata guda da tafiya ba akwatin katako ya iso. Na buɗe na ga ƙarfen kwance cikin takarda mai maiƙo, sai na ji haushi ya kama ni, ban san ko na wa ba. Na yi mako ban taɓa shi ba. Ɗakin Utaiqa ya yi mini faɗi, tamis guda ma ba na iya cinyewa. Daga baya na ɗauko takardar Yaya na shimfiɗa, na fara. Mako shida na yi ina haɗawa ni kaɗai. Sau da yawa in ɗago kai zan yi magana, in tuna babu mai amsawa.

Ranar da zan tayar da ita dattijon ya zo. Ni kuma na taho da rediyonmu da sabon kaset, na ajiye shi a kan bulo kusa da salansar motar, na danna maɓallin ɗaukar murya. Na murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu ta mutu. Na ɗan zuba fetur a kabureta na sake. Sai ta kama. Ba ƙara ba ce irin ta Jan Doki mai kaifi. Wani gurnani ne daga can ƙasa, mai nauyi, ba ya gaggawa, kana jin sa a ƙirji kafin kunne. Kwanon rufin siton ya ɗauki rawa, tattabarun da ke saman suka watse. Dattijon ya miƙe tsaye ba tare da sandarsa ba yana cewa, "Ma sha Allah, ma sha Allah." Na bar ta tana bugawa, na taka totur sau uku, sannan na sunkuya kusa da rediyon na ce, "Yaya, ga 'yar gidan mutuncinka nan. Ka ji ta."

Na ba wani mai tafiya Kano kaset ɗin. Bayan wata biyu amsa ta zo. Ana jin kaji da muryoyin yara a bayansa. Ya ce, "Bawana, na ji. Na sa an ji a zaure, har maƙwabta sun shigo. Ka yi ƙoƙari, ban zaci Bazazzagi zai iya ba. Amma akwai silinda ɗaya da ke ɗan jinkiri in tana tsaye. Ka duba wayoyin fulogin ɓangaren hagu." Sai ya ce ga tsohuwa za ta gaishe ni. Ta sa mini albarka, ta ce ta ji ni ne abokin zaman ɗanta. Na je na duba wayoyin. Ɗaya ta ɗan tsage.

Juma'ar da ta biyo na fita da Mai Lulluɓi hanyar Kharj, dattijon yana gefena. Ban so in so ta ba. A cikin gari ta wahalar da ni: ga faɗi, ga nauyi, birkinta sai ka fara roƙonsa tun daga nesa. Amma da hanya ta miƙe na taka, sai hancinta ya ɗaga, wani abu ya danna ni cikin kujera, ya ci gaba da dannawa ba ya ƙarewa. Ba ta tsalle, ba ta rawa. Allurar maleji tana ta hawa, ita kuwa kamar ba ta fara ba. Na tuna mutumin da ya yi fiye da shekara yana shafa ta bai taɓa jin wannan ba, sai na sassauta ƙafa.

A gefen hanya dattijon ya ce, "To, ɗana. Wacce?"

Na kashe injin. Na ce, "Ya ammi, in don ni ne, jar. Ita ce ke sa mutum dariya, ita ce mai sauƙin gyara, kayanta ba sa wuyar samu. Amma kai ba hawa za ka yi kullum ba, ajiyewa za ka yi. Wannan komai nata nata ne, ba a taɓa raba ta da abin da ta zo da shi ba, sai ƙarfe ɗaya, shi ma irin nata ne. In aka rasa irin jar za a samu wata. Wannan ban sani ba."

Ya ce, "Abokinka zai ji daɗin wannan magana."

Na ce, "Don Allah kada ya ji."

Bayan kwana goma wani mutum ya zo daga gabashin ƙasar ganin Jan Doki. Yana buɗe bonet ya duba lambar ya gane. Ya ce ba komai, shi ba ta ajiya yake nema ba, ta hawa yake so. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Ni na hau da ita kan motar da za ta ɗauke ta, na ja birkin hannu, na ɗaure tayoyin da kaina. Na gaya masa giya ta biyu tana son a ɗan jira ta in injin bai yi zafi ba. Na tsaya a ƙofar sito har suka sha kwana.

Mai Lulluɓi ta koma Al-Naseem. Shekara biyu ina zuwa duk Juma'a da safe in tayar da ita, in zaga da dattijon, mu dawo kafin a fara shirin masallaci. Daga baya gine-gine suka ja baya, aka sayar da rabin motocin dako, 'ya'yansa suka karɓi harkar. Ni ma na ga lokaci ya yi, ɗana ya isa shiga makaranta bai san fuskata ba sai a hoto. Na yi sallama da dattijon a garejin gidansa. Ban sake jin labarinsa ba, ban kuma san hannun da motar ta faɗa ba.

Sau ɗaya na ga Yaya bayan haka. Na je Kano na yi ta tambaya har aka kai ni wata 'yar rumfa a bakin kasuwar unguwarsu, inda yake gyaran injin niƙa da na ban ruwa. Gemunsa ya yi fari. Tsohuwa ta rasu, amma ya ce sai da suka yi damina biyu tare, kuma a hannunsa ta cika. Ya rufe rumfar ya kai ni gida, aka kawo tuwo da miyar kuka, ya tara 'ya'yansa ya ce su gaida bawan babansu. Muka yi hira har la'asar. Ya tambaye ni kowa da kowa, har Bayamalen mai tamis. Ya sa na kwatanta masa yadda take a miƙaƙƙiyar hanya, na kwatanta, ya ce in sake. Yana ji yana lumshe ido, hannunsa na dama a kan gwiwa.

Ya raka ni tasha a ƙafa. Motar Zariya ta kusa cika, na samu wuri a baya. Ya zagayo ta taga ya miƙo mini ƙullin goro, ya ce in kai wa mai ɗakina, in ce mata ta yi haƙuri da ni. Muka yi alkawarin zai zo Zariya bayan sallar layya. Bai samu zuwa ba, ni ma hidima ta riƙe ni, shekara ta bi shekara. Labarin rasuwarsa a bakin wani mai sayar da kayan gyara na ji, bayan an yi arba'in da daɗewa.